Karatu Tara da Waƙoƙin Kirsimeti Daga Kwalejin King's ta Kambirij: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar Disamba ta kama, sai guntayen bidiyo su fara yawo a wayoyi: yara cikin jajayen riguna da farare a kai, kyandir na ci a gabansu, rufin dutse can sama kamar saƙa, sai muryar yaro ɗaya tal ta tashi, ba ganga ba ogan, wato babban abin kiɗan coci. Masu turo min irin wannan bidiyo sukan haɗa da tambaya. Na tattara waɗanda aka fi yi min na amsa su a nan. A rediyo na fara sanin wannan sujada, shekaru da dama kafin idona ya ga hotonta, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ta rediyon ce ta fi kwanta min a rai.

Wane shiri ne wannan, kuma a ina ake yin sa?

Sujada ce ta jajibirin Kirsimeti da ake yi a majami'ar Kwalejin King's, ɗaya daga cikin kwalejojin Jami'ar Kambirij a Ingila. Sarki Henry na Shida ne ya kafa kwalejin a 1441. Tsarin sujadar ba wuya: a karanta wani wuri daga Littafi Mai Tsarki, mawaƙa su rera waƙa ɗaya ko biyu da suka dace da abin da aka karanta, a sake karatu, a sake waƙa, har karatu tara. Ba wa'azi. Ba mai gabatarwa da zai tsaya yana bayani. Addu'a a farko, addu'a da sa albarka a ƙarshe, shi ke nan.

Abin da ake nunawa a talabijin shi ne wanda ake ji a rediyo?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sujada biyu ce.

Ta rediyo ita ce uwa. Ana yin ta ranar 24 ga Disamba da ƙarfe 3 na rana agogon Ingila, BBC na watsa ta kai tsaye, tana ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi, kuma karatunta tara ne cif, duk daga Littafi Mai Tsarki. Sunanta da Turanci "A Festival of Nine Lessons and Carols".

Ta talabijin kuwa, wadda ake kira "Carols from King's", ana ɗaukar ta ne tun farko-farkon Disamba, a gyara, sannan tashar BBC Two ta nuna ta a jajibirin Kirsimeti. Ta fi gajarta. Karatunta ma ba lallai ya zama taran nan ba: sukan haɗa ayoyin Littafi Mai Tsarki da rubutattun waƙoƙi ko wani ɗan rubutu na marubuta, kuma zaɓin yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Jama'ar da ka gani zaune a hoton galibi 'yan kwalejin ne da baƙin da aka gayyata. An fara nuna mawaƙan a talabijin a 1954, lokacin Boris Ord yana jagorantarsu, hoton baƙi da fari, kuma wannan fim ɗin yana nan bai ɓata ba. Daga 1963 aka riƙa ɗaukar gajeriyar sujada lokaci-lokaci, har ta zama ta kowace shekara.

Saboda haka idan ka kalli ta talabijin ka ƙirga karatu ka ga bai yi daidai da jerin da ke ƙasa ba, ba kuskure ka yi ba.

Tun zamanin da aka gina majami'ar ake yin ta?

Ko kusa. Ginin ya haura shekara ɗari biyar, amma sujadar a wannan wuri ta fara ne a 1918. Tsufan dutse da kyandir ne ke sa mai kallo ya zaci abin gado ne na kaka da kakanni.

Asalinta ma ba a Kambirij yake ba. A garin Truro ne, can kudu maso yammacin Ingila, a daren 24 ga Disamba 1880. Bishop ɗin garin, Edward White Benson, wanda daga baya ya zama Akbishop na Kantabari, shi ya tsara ta. A lokacin ba a gama gina babbar majami'ar garin ba, a wani ginin katako na wucin gadi suke sujada. Ya sa ta ƙarfe 10 na dare, kuma labarin da ake bayarwa shi ne yana so ya janye maza daga gidajen giya a daren. Ya zaɓi wurare tara, ya jera masu karatu daga ƙaramin yaron mawaƙa har zuwa shi kansa bishop.

Wanda ya kawo ta King's shi ne Eric Milner-White. Yana da shekara 34, bai daɗe da zama babban limamin kwalejin ba, kuma daga fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo, inda ya yi aikin limamin sojoji. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918. Makonni shida bayan haka aka yi sujadar farko. Kwalejin ta rasa mutanenta kimanin 200 a yaƙin, yawancinsu samari. Shi da ya zauna da sojoji a ramukan yaƙi ya ga yadda doguwar sujadar da aka saba, mai cike da kalmomin malamai, ba ta isa zuciyarsu. Ya nemi wani abu mai sauƙi da kyau wanda ɗan boko da wanda bai yi karatu ba za su bi tare. A 1919 ya sake jera karatun, kuma tsarin da ya kafa a shekarar shi ne ƙashin bayan abin har yau.

To me ya sa take da sanyin jiki haka, alhali Kirsimeti lokacin murna ne?

Saboda a gidan makoki aka haife ta. Wannan shi ne abin da nake so duk mai kallo ya riƙe.

Saurari addu'ar buɗewa da limamin ke karantawa bayan waƙar farko. Milner-White ne ya rubuta ta. Yana kiran jama'a su koma Baitalami da zuciya da tunani, su ga abin da ya faru. Sai ya ce a yi addu'a domin zaman lafiya a duniya, a tuna da matalauta da marasa galihu, masu jin sanyi, masu yunwa, waɗanda ake zalunta, marasa lafiya, masu makoki, waɗanda kaɗaici ya dama, tsofaffi da ƙananan yara. Daga ƙarshe ya ce a tuna da waɗanda ke murna tare da mu amma a ɗaya gaɓar, cikin hasken da ya fi namu. A 1918 ba wanda ke cikin majami'ar nan da yake buƙatar a fassara masa wannan jimla. Kowa yana da wanda ya tafi bai dawo ba, kowa yana kallon wurin zaman da ba kowa a kai.

Na daɗe ina jin sujadar a matsayin waƙa mai daɗi kawai. Shekarar da muka yi Kirsimeti na farko bayan rasuwar mahaifina ce na ji wannan addu'a da kunnen da aka rubuta ta dominsa. Murna tana ciki, musamman a waƙoƙin ƙarshe inda ogan ke buɗe murya gaba ɗaya, amma murna ce ta mutanen da suka yi kuka tukuna.

Waɗanne wurare ake karantawa?

Huɗu daga Tsohon Alkawari, biyar daga Sabon Alkawari, kuma jerin ne ke ɗauke da ma'anar.

Ba da jariri a komin dabbobi ake farawa ba. Ana farawa da Farawa sura 3: Adamu da Hauwa'u sun ci 'ya'yan itacen da aka hana su, sun ji motsin Ubangiji a gonar da sanyin la'asar, sun ɓuya. Allah ya kira Adamu ya tambaye shi inda yake. Adamu ya ɗora laifi a kan matar, matar ta ɗora a kan maciji. A cikin hukuncin ne aka faɗi cewa zuriyar macen za ta ƙuje kan macijin, kuma Kirista na karanta wannan a matsayin alkawari na farko. Ƙaramin yaro ne ke karanta wannan wuri, da siririyar muryarsa yake faɗin cewa daga ƙasa aka yi mutum kuma ga ƙasa zai koma. Duk shekara sai tsigar jikina ta tashi a nan.

Na biyu Farawa 22 ne, alkawarin da aka yi wa Ibrahim bayan ya yarda ya miƙa ɗansa, cewa ta wurin zuriyarsa dukan al'umman duniya za su sami albarka. Na uku da na huɗu daga Annabi Ishaya suke. Sura 9 tana maganar mutanen da ke tafiya cikin duhu suka ga babban haske, da yaron da za a haifa wanda za a kira Sarkin Salama. Sura 11 tana maganar toho da zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda, da zamanin da kyarkeci zai zauna da ɗan rago, damisa ta kwanta tare da ɗan akuya, ƙaramin yaro yana kiwonsu. Duk wanda ya taɓa kwana a rugar da kura ke zagayawa ya san girman wannan magana fiye da mazaunin Kambirij.

Daga nan sai Luka har sau uku: Mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu a Nazarat, umarnin ƙidaya daga Kaisar Augustas ya kai Yusufu da Maryamu Baitalami, inda ta haihu ta kwantar da jaririn a komi domin ba su sami masauki ba, sai makiyaya da ke tsaron garkensu da dare suka ji albishir. Na takwas Matiyu sura 2 ne, masana taurari daga gabas, da Hirudus, da kyautar zinariya da lubban da mur.

Na tara ya bambanta da sauran. Farkon Bisharar Yahaya ne, aya 1 zuwa 14, ba makiyaya ba tauraro, sai magana a kan Kalman da yake tun fil'azal, wanda ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Jama'a kan miƙe tsaye domin wannan karatu. Takwas ɗin farko sun ba da labari, na taran ya faɗi abin da labarin yake nufi.

Ana karanta su ne daga fassarar Turanci ta 1611, wadda aka yi a zamanin Sarki James, shi ya sa Turancin ke da nauyi ko ga wanda ya iya harshen. Shawarata, ka buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a gabanka kana bi.

Su wa ke yin karatun?

An riƙe tsarin Benson: daga ƙarami zuwa babba. Yaron mawaƙa ne na farko, shugaban kwalejin ne na ƙarshe. A tsakani akwai ɗalibi, da ma'aikacin kwaleji, da wakilin birnin Kambirij, da shugaban mawaƙa, da malamai. Kowane mai karatu yakan fara da jimla ɗaya da ke faɗin abin da wurin ya ƙunsa, ya karanta, ya rufe da godiya ga Allah.

Da gaske ne yaron da ke fara waƙa bai san shi zai yi ba sai a lokacin?

A sujadar rediyo, haka ne. Tun 1919 ake buɗewa da waƙar "Once in Royal David's City", wato a birnin Sarki Dawuda. Wata mata 'yar Ailan, Cecil Frances Alexander, ta rubuta ta domin yara a 1848, Henry Gauntlett kuma ya yi karin da ake rera ta da shi. Baitin farko yaro ɗaya ne ke yin sa shi kaɗai. Akan shirya yara biyu ko uku, kowa ya haddace ya gwada, amma shugaban mawaƙa ba ya faɗin wanda zai yi. Sai ana daƙiƙoƙi kaɗan kafin a shiga iska ya nuna ɗaya, yaron ya tako gaba. Hikimar ita ce kada yaro ya kwana da fargaba, kuma shugaban ya sami damar jin wanda muryarsa ta fi washewa a ranar, tun da lokacin mura ne.

Yaron yana farawa ne daga can ƙarshen yamma na majami'ar. A baiti na biyu sauran mawaƙa su shigo, sannan su fara takowa a jere zuwa wuraren zamansu, ogan ya shigo, daga baya jama'a duka su ɗauka. Daga murya ɗaya zuwa cikar gida.

Mene ne bambancin karol, wato waɗannan waƙoƙin Kirsimeti, da sauran waƙoƙin coci?

Kalmar ta fito ne daga tsohon Faransanci, inda take nufin rawar da'ira da ake yi ana waƙa, mai bayarwa yana bayarwa ana amsawa. Wato asalinta waƙar dandali ce, ba ta limamai ba. Shi ya sa tsofaffin karol na Ingila, na ƙarni na 15, suke da amshi, suke cakuɗa Turanci da Latin, suke maganar sanyi da itatuwa da uwa tana lallashin jariri.

Karol ta sha wuya a tarihi. A 1647 majalisar dokokin Ingila, a hannun masu tsananin ra'ayin addini, ta soke bikin Kirsimeti ɗungurungum, sai da sarauta ta dawo a 1660 aka ci gaba. Waƙoƙin sun tsira ne a bakin mutanen ƙauye, har a ƙarni na 19 masu bincike irin su William Sandys suka bi suna rubutawa suna bugawa. Benson da Milner-White suka shigar da su tsakiyar sujada.

A King's za ka ji iri biyu. Akwai waɗanda mawaƙa kaɗai ke yi jama'a na zaune, akwai manyan waƙoƙin da kowa ke tashi ya rera. Biyun ƙarshe ba sa canzawa: "O Come, All Ye Faithful", wadda asalinta da Latin take, sannan "Hark! The Herald Angels Sing". Charles Wesley ne ya rubuta kalmomin ta biyun a 1739, amma karin da aka san ta da shi na Felix Mendelssohn ne, wanda ya yi shi a 1840 domin bikin tunawa da Gutenberg da injin buga littattafai, ba domin coci ba. Daga baya wani ya haɗa su, suka dace kamar an auna. Wannan muryar ta sama da yara ke ɗorawa a baitin ƙarshe, wadda ke tashi kamar za ta fasa rufi, mafi shahararta ta David Willcocks ce, wanda ya jagoranci mawaƙan daga 1957. Bayan sa albarka mai ogan ya buga wani gajeren kiɗa na Bach, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, sannan wani babba.

Ke nan kullum waƙoƙi iri ɗaya ake maimaitawa?

Farko da ƙarshe ne kawai a kafe. Tsakiya na shugaban mawaƙa ne, ya zaɓa. Stephen Cleobury, wanda ya riƙe aikin daga 1982 zuwa 2019, ya kawo wata al'ada a 1983: kowace shekara a nemi wani mai tsara kiɗa da ke raye ya yi sabuwar karol domin sujadar. Lennox Berkeley ne na farko. Bayansa an sami Judith Weir a 1985, John Rutter a 1987, Arvo Pärt na ƙasar Istoniya a 1990, da wasu da dama. Ba duka ne suka shiga kunnen jama'a ba. Wasu sun jawo ƙorafi daga masu son abin da suka saba. Ni ina ganin Cleobury ya yi daidai. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma wadda ake kira tsohuwa yau sabuwa ce a zamanin wani. Cleobury ya rasu a Nuwamba 2019, watanni kaɗan bayan ya ajiye aiki. Daniel Hyde da ya gaje shi bai yar da al'adar ba.

Su wane ne mawaƙan? Me ya sa ba a ganin mata?

Yara maza 16 ne, adadin da Sarki Henry na Shida ya rubuta a dokar kwalejin, sai samari kimanin 14, galibi ɗaliban jami'ar, masu ɗaukar muryoyin ƙasa, da ɗalibai biyu masu buga ogan. Yaran suna karatu a makarantar kwalejin da ke ƙetaren kogin Cam, suna shiga tun suna shekara takwas ko kusa da haka, su bari idan murya ta fara fashewa. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne suna rera sujada kusan kowace rana a lokacin zangon karatu. Wannan santsin murya da ka ji a Disamba, aikin Fabrairu da Mayu da Oktoba ne.

Batun mata kuwa ana ta muhawara a kansa a Ingila. Babbar majami'ar Salisbury ta kafa rukunin 'yan mata tun 1991, Kwalejin St John's da ke kusa da King's a Kambirij ta fara karɓar mata a mawaƙanta a 2022. King's tana da wata ƙungiyar mawaƙa ta maza da mata, amma ba ita ke yin wannan sujada ba. Mata suna cikin masu karatu, suna cikin masu tsara sabbin waƙoƙi. A ganina hujjar da ake kafawa da sautin muryar yara maza ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba, domin majami'un da suka buɗe ƙofa waƙarsu ba ta lalace ba.

Ginin fa? Me ya sa sautin yake daban?

An aza harsashinsa a 1446, yaƙin basasa da sauye-sauyen sarauta suka ja aikin har zamanin Henry na Takwas. Tsawonsa mita 88 ne, faɗinsa mita 12 kacal, tsayinsa daga ciki mita 24, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Rufin, wanda magini John Wastell ya yi tsakanin 1512 da 1515, an sassaƙa shi kamar jerin maficai a buɗe, kuma shi ne mafi girma irinsa a duniya. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ga bakan gizon Babban Gwani zai gane irin abin da magini ke nema idan ya sa rufi mai nauyi ya zama kamar ba shi da nauyi.

Dogon ɗaki na dutse irin wannan yana riƙe murya na wasu daƙiƙoƙi bayan an yi shiru. Dole mawaƙa su rera a tsanake, su furta kowane harafi, su bar amon ya mutu kafin su ci gaba. Ginin ne ya koya musu salon. Zanen da ake gani a bayan bagade na shahararren mai zane Rubens ne, na 1634, yana nuna masana taurari a gaban jaririn. Kyauta aka ba kwalejin a 1961.

Akwai abin da mai kallon talabijin ba zai sani ba game da ainihin ranar. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Kambirij kafin ƙarfe 4. Ana fara sujada gilasan tagogi na haske da launi, kafin a kai karatu na tara sun yi baƙi, sai kyandir kaɗai. A cikin duhun ne ake karanta cewa haske yana haskakawa cikin duhu, duhun kuwa bai rinjaye shi ba.

An taɓa fasa yin ta?

BBC ta fara watsa ta a 1928, kuma 1930 ce kaɗai shekarar da ba a watsa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an cire tsofaffin gilasan an ɓoye saboda bama-bamai, ba abin ɗumama ɗaki, ba a ma faɗin sunan wurin a rediyo saboda tsaro, amma an yi. A 2020, lokacin annobar korona, ba a tara jama'a ba. An watsa wadda aka naɗa tun da wuri a majami'a ba kowa. A ta talabijin ta shekarar, samarin mawaƙa sun shiga killacewa, sai ƙungiyar The King's Singers, wadda tsofaffin ɗaliban kwalejin suka kafa a 1968, ta tsaya a madadinsu.

Abin da aka ɗauka aka gyara domin talabijin, har yanzu sujada ce?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce ba abin da aka rasa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ban yarda ba gaba ɗaya. Kyamara tana ba ka fuskar yaro, da hannun mai ogan, da rufin da ko wanda ke zaune a ciki ba zai gani kusa haka ba. Sai dai tana zaɓa maka abin da za ka kalla, kuma sau da yawa ana karanta Ishaya ido yana can yana yawo a kan gilashi. Ga shi kuma ka san abin ya riga ya wuce, an ɗauke shi makonni kafin ranar, an gyara inda aka yi tuntuɓe. A rediyo, lokacin da yaron ya ja numfashi, a daidai wannan daƙiƙar yake jan sa, kai da miliyoyin mutane kuna jira tare.

Duk da haka waɗanda ke cikin majami'ar a ranar ɗaukar hoto addu'a suke yi da gaske, kuma akwai tsofaffi da majinyata da ba su iya zuwa coci waɗanda wannan ce sujadarsu ta Kirsimeti. Ba zan raina abin da ya kai musu ba. Idan za ka iya, ka ji ta rediyo da rana, ka kalli ta talabijin daga baya.

Wanda ba Kirista ba zai fahimci abin da ake yi?

Musulmi zai ji sunayen da ya sani: Adamu, Hauwa'u, Ibrahim, Dawuda, Jibrilu, Maryam. Zuwan mala'ika da albishir ga budurwa yana cikin Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam. Amma kada a rufe bambanci da zaƙin waƙa. A Farawa 22 Ishaku ne ɗan da aka kai hadaya, alhali mafi yawan malaman Musulunci sun tafi a kan Isma'ila ne. Karatu na tara kuwa, da yawancin waƙoƙin, suna shelar cewa Allah ya zama mutum, abin da Musulunci bai yarda da shi ba. Wanda yake son ya san abin da maƙwabcinsa Kirista ya gaskata game da Kirsimeti, daga bakin Littafinsu ba daga jita-jita ba, awa ɗaya da rabin nan za ta nuna masa a fili.

Yaya za mu same ta daga nan?

Sashen Turanci na BBC mai watsa shirye-shirye ga duniya yana ɗaukar ta rediyon. Ƙarfe 3 na Ingila a Disamba shi ne 4 na yamma a Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi, 3 a Gana, 5 a Sudan. Ta talabijin ta fi wuyar samu, domin manhajar BBC iPlayer ta mazauna Birtaniya ce. Abin da ya fi yawa a wajenmu guntaye ne da tsofaffin shekaru a YouTube. Kwalejin takan sa ɗan littafin tsarin sujadar a shafinta na intanet, da kalmomin duk waƙoƙin, yana da amfani ƙwarai a sauke shi tun kafin lokaci.

Mai son halarta da kansa, ba a biyan kuɗin shiga. A da layi ake bi, wasu har su kwana a bakin ƙofa cikin sanyi. A 'yan shekarun nan an koma neman tikiti ta intanet a yi ƙuri'a.

Majami'armu za ta iya yin irinta da Hausa?

Ana ma yi. Majami'un Angalika a Najeriya sun daɗe da karɓar sujadar karatu tara, wasu ɗarikun ma sun ɗauka. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa yana hannu tun 1932, shekara huɗu kacal bayan BBC ta fara watsa ta King's, saboda haka duk wuraren tara suna nan cikin harshenmu.

Abin da zan roƙa shi ne a ɗauki ƙashin, ba tufar ba. Ba sai an nemo jajayen riguna ko an tilasta wa yara Turancin 1611 ba. Milner-White da kansa ya nanata cewa karatun ne ginshiƙi, waƙa tana biye. A jera taran yadda suke, kada a tsallake Farawa 3 don ana gaggawar isa Baitalami. A ba ƙaramin yaro karatun farko, a koya masa har ya iya ba tare da rawar murya ba. Bayan kowane karatu a sa waƙar da ta amsa shi, ko daga littafin waƙoƙi ko wadda Zumuntar Mata suka tsara da tulu da kacau-kacau. Karol tun asali waƙar bayarwa da amshi ce, tasu ta fi kusa da tushen fiye da yadda ake zato. A hana sanarwa da gaishe-gaishen manyan baƙi shiga tsakanin karatu da waƙa, a bar su sai an tashi. Mai wa'azi ya haƙura na wannan dare ɗaya. A addu'ar buɗewa kuma, idan an zo wurin tuna waɗanda ke ɗaya gaɓar, limami ya dakata kaɗan, ya ba jama'a lokacin da kowa zai kira sunan nasa a zuci kafin a ci gaba.